Baƙo Da Mota A Garin Babura: Abin Da Ɗan Kasuwa Zai Sani Kafin Ya Kama Sitiyari A Kwatano

Duk wanda ya taɓa sauka Kwatano da sassafe, ya fito bakin titi yana neman abin hawa zuwa Zongo, ya san abin da ido ke fara cin karo da shi. Riguna ne masu ruwan ɗorawa, ba iyaka, kowace da lamba a bayanta, sun cika titi tun daga wannan gefe har wancan. Su ne ƴan zemijan, wato ƴan kabu-kabun birnin. In danja ta tsayar da mutane, kafin ka ƙifta ido sun zagaye motoci gaba da baya, sun cusa kai duk wata kafa da tayar babur za ta iya shiga. In ta sake su kuma, sai ka ji ƙara kamar an taɓa amyar zuma, su kwarara gaba ɗaya su bar mai mota a baya yana raba ido.

Mutanenmu da yawa suna zaune a wannan gari, wasu shekara ashirin, wasu talatin. Akwai masu fiton motoci daga fakin Sekanji, akwai masu gwanjo, akwai masu albasar Galmi, da masu shaguna a Zongo, da kuma Hajiyoyinmu da kan je su yi wata ɗaya ko biyu suna haɗa atamfa da leshi da kayan ɗaki. Rufe gadar Gaya da Malanvil da aka yi bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli na 2023 ya rage zirga-zirga ƙwarai, ya kuma karkatar da kaya masu yawa zuwa tashar jiragen ruwa ta Lome, amma bai kwashe waɗanda suka yi gida da iyali a can ba. Lome ɗin ma kuwa garin babura ne, abin da za a faɗa a kan ɗaya ya hau kan ɗayan. Shi kuwa ɗan kasuwa, da Allah ya buɗa masa, abin da yakan fara saya shi ne mota, balle a garin da motoci ke jibge fili guda ido bai ganin ƙarshensu. To, a nan maganarmu ta yau take: yaya baƙo zai tuƙa mota a tsakiyar waɗannan babura ba tare da ya ɗauki ran wani ba, kuma ba tare da jarinsa ya ƙare a tsakanin asibiti da ofishin ƴan sanda ba?

Kafin mu shiga, ya kamata iyayenmu mata ƴan kasuwa su san cewa wannan sana'a ta zemijan saboda irinsu aka ƙirƙiro ta. A Porto Novo ta samo asali, inda masu kekuna suke ɗauko mata masu sayar da kafa daga ƙauyuka, su da kwandunansu, su kai su kasuwa. Daga baya babur ya maye gurbin keke, sannan a shekarun 1980, lokacin da tattalin arzikin Benin ya durƙushe a zamanin mulkin Matiyu Kereku, albashi ya daina fita, masu takardun makaranta suka rasa aiki, sai sana'ar ta bazu ta cika Kwatano. Kalmar kanta a harshen Fon tana nufin a ɗauke ni da sauri. A da da tsofaffin Yamaha Mate masu hayaƙi ake yi, daga baya Bajaj da baburan Sin suka karɓe. Abin da bai sake ba shi ne wadda ke zaune a baya: har yau sau da yawa mace ce mai kwano ko kwando, ta fito neman abin da za ta ciyar da ƴaƴanta, kamar dai yadda ake fita kasuwar Maraɗi ko ta Dole a Damagaram.

Abin da ke yaudarar mutumin Nijar shi ne komai ya yi masa kama da gida. A hannun dama ake tuƙi, kamar wurinmu. Alamomin hanya iri ɗaya ne, kuɗi sefa ne, ɗan sanda Faransanci yake yi. Ga shi kuma mutum ya saba da kabu-kabu a Maraɗi ko Ƙonni ko Gaya, sai ya ce a ransa ai babur ba baƙona ba ne. Amma akwai wata al'ada da muke ɗauke da ita a kai, wadda ba a rubuta ta a kowane littafin koyon tuƙi ba, ita ce ƙarami ya kauce wa babba. Mai keke ya kauce wa mai babur, mai babur ya kauce wa mai mota, mai mota ya kauce wa gingimari. A hanyar Madawa zuwa Ƙonni wannan lissafi yana ci. A Kwatano ba ya ci, domin mai babur ba shi da inda zai kauce: damansa babur ne, hagunsa babur ne, bayansa wasu goma ne ke tafe. Su ne ruwan, kai mai mota kwale-kwale ne kawai a cikinsa.

Ni ma sai da na biya kuɗin makaranta kafin na gane haka. A shekarar 2017 na sauka wurin wani ƙanen mahaifina da ke da shago a Zongo, na yi kusan wata huɗu ina taya shi aiki. Wata ranar Talata da hantsi ya ba ni makullin motarsa in kai wasu dilolin kaya wani sito. Na zo daidai inda zan karya dama in shiga wani layin rairayi, irin waɗanda mutanen garin ke kira von. Na kunna sigina, na dubi madubi ban ga kowa ba, sai na ɗan buɗe hagu don in samu kwana mai kyau, yadda muke yi a gida, na karyo. Ƙarar da na ji ba ta fi ta faɗuwar tasa ba. Ashe ɗan filin da na buɗe tsakanina da bakin kwalta, wani ɗan zemijan ya ɗauka hanya na ba shi, ya shigo da wata mata mai kwandon busasshen kifi. Gudun da nake yi bai fi na mai tafiya da ƙafa da sauri ba. Shi ya kurje a gwiwa ya miƙe, ita kuwa ta dafa ƙasa da hannu, hannun ya karye a wuyansa.

Kafin in buɗe ƙofa riguna masu ruwan ɗorawa sun fi talatin a kaina, kowa na magana da Fon, ni kuwa ko gaisuwa ban iya ba. Ba wanda ya taɓa ni, gaskiya, amma na ga yadda abu kaɗan zai iya juya wurin. Wani dattijo mai shagon gefen hanya ne ya shiga tsakani, aka ɗauki matar zuwa asibiti, ni da mota muka wuce wurin ƴan sanda. A can aka duba takardu aka ga inshorar motar ta ƙare da kwana goma sha ɗaya. Baffana ya iso yana salati. Abin da ya ce mini a ƙofar ofishin shi ne: “Ɗana, laifin kwana naka ne, laifin takarda nawa ne, mu je mu biya.” Kuɗin magani, da kuɗin kifin da ya watse, da gyaran babur, da abin da matar za ta ci na makonnin da ba ta iya ɗaukar kwando, da tara, duk daga aljihunsa suka fito. Motar ta kwana shida a tsare, kayan da ke ciki suka rasa motar da za ta tashi zuwa Gaya a wannan mako.

Na daɗe a kan wannan labari ne domin kwanar dama ita ce babban tarkon baƙo. A garin babura gefen damanka ba kango ba ne, hanya ce mai cike da mutane, kuma su suna wuce ka ta can ko doka ta yarda ko ba ta yarda ba. A wasu manyan tituna ma, kamar wanda ya nufi Godome da Kalabi da wanda ya nufi Porto Novo, an ware wa babura layinsu dabam a gefen dama, ke nan duk lokacin da za ka karya dama sai ka tsallaka hanyarsu. Abin yi shi ne ka kunna sigina tun da nisa, ka rage gudu tun da nisa, sannan ka riƙa matsowa dama sannu a hankali har filin da ke tsakaninka da bakin hanya ya rufe, babur ba zai iya shiga ba. Waɗanda ke bayanka za su gane, su zagaya ta hagu. Kada ka buɗe hagu don ka karya dama. A idon mai babur wannan gayyata ce. Kuma kafin ka juya sitiyari, ka waiwaya da wuyanka ka dubi tagar baya ta dama. Madubin gefe yana da wurin da ba ya nunawa, daidai kafaɗar mota ta baya, kuma babur da mutum biyu a kansa yana ɓacewa ɗungurungum a wannan wuri. Wanda yake so ya tabbatar, ya zauna a motarsa a tsaye, ya sa yaron shago ya zagaya ta a hankali, ya ga inda yaron zai ɓace daga madubai duka uku.

Kwanar hagu ita ma tana da nata. Kana tsaye tsakiyar titi kana jiran motocin da ke fuskantarka, wani mai kirki ya tsaya ya yi maka alama da hannu ka wuce. Kada ka ɗauki alamarsa a matsayin hanya ta buɗe. Shi kaɗai ya tsaya. Baburan da ke bin gefensa ba su tsaya ba, ba su ma gan ka ba, domin motarsa ta kare ka. Ka shiga da hancin mota taƙi-taƙi har ka ga bayan motarsa da idonka.

Abu na biyu da tsofaffin direbobinmu na can suke nanata wa sabon zuwa shi ne kada ya yi abin ba-zata. Ɗan zemijan ya yini a kan titi tun asuba, ya iya karanta mota fiye da yadda kake zato. Yana duban tayarka ta gaba, yana lissafin inda za ka kasance nan da ƙiftawa biyu, ya bi ta inda ka bari. In ka tafi a miƙe da gudu ɗaya, za su raba ka su wuce kamar yadda ruwa ke raba dutse. Wanda ke jawo haɗari shi ne mai firgita: ya ga babur ya matso ta dama, ya fizge hagu, ya buge wanda ke can, ko ya taka birki da ƙarfi ba dalili, na baya ya hau shi, ko ya ga shagon da yake nema ya wuce, ya tsaya cak ya fara ja da baya. In ka wuce layinka, ka ci gaba ka zagayo, minti biyar ne. Shi kuma hon a can ba zagi ba ne. Ɗan gajeren hon da mai babur ke yi yana nufin ga ni nan kusa da kai, ko kuma yana kiran fasinja ne. Bai kamata baƙo ya hasala ya leƙo ta taga yana mayar da magana ba.

Sai dai akwai abu ɗaya da ɗan zemijan ke yi wanda ba ka iya lissafa shi, wato tsayawa don fasinja. Idonsa rabi na kan titi, rabi na kan masu tsaye a gefe. Mace ta ɗaga hannu daga tsallake, zai iya yanko gabanka ba sigina ba komai. Maganin wannan tazara ce kawai da rage gudu. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, kuma mutum yakan ɗauki kamar daƙiƙa ɗaya tsakanin ganin abu da taka birki. In aka haɗa da jan birkin kansa, sai ta ci fiye da mita 25 kafin ta tsaya a busasshiyar kwalta. A gudun kilomita 30 kuwa, wajen mita 13 sun isa. Bambancin da ke tsakani ya kai tsawon babbar motar kaya, kuma a cikinsa ne ake samun karaya ko a tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ce kan gaba. Hukumar ta kuma ce mai waya a hannu yana tuƙi ya ninka haɗarinsa kusan sau huɗu. Wannan ta shafe mu kai tsaye, domin ɗan kasuwa wayarsa ba ta hutawa: mai fito na kira, mai sito na kira, Alhaji na kira daga Maraɗi yana tambayar farashi. Ciniki ba ya gudu don an jira minti uku an samu gefe an tsaya.

Yanzu ga Hajiyoyinmu, waɗanda yawanci ba su ke tuƙin ba, suna zaune ne a baya. Ku ma akwai naku. Ƙofar mota da aka buɗe ba a duba ba tana kayar da mai babur daidai da yadda karo ke kayar da shi, wani lokaci ma ta fi, don gefen ƙofa kamar wuƙa yake a gwiwa ko a ƙirji. Mota ta tsaya a bakin kasuwa, hankali ya tafi kan shagon da za a shiga, sai a tura ƙofa. A ƙasar Holan, inda kekuna suka yi yawa, an san su da wata dabara mai sauƙi: mutum ya buɗe ƙofa da hannun da ya fi nisa da ita. In kina zaune a dama, ki miƙa hannun hagu. Jikinki da kansa zai juya, idonki ya faɗa baya. A buɗe kaɗan tukuna, a leƙa, sannan a fita. Yara kuwa a kulle musu ƙofa, babba ya fita ya buɗe musu. Haka nan in direbanki yaro ne da aka ɗauko daga gida, bai san garin ba, kada ki matsa masa da a yi sauri za a rufe sito. Shi kunyarki zai ji ya taka, in abu ya faru kuwa sunanki ne ko na maigidanki a takardar mota.

Ranar da kuka bar mota kuka hau zemijan da kanku, kuma kowa na hawa, domin wani lungun kasuwa mota ba ta shiga, to a tuna da hular kwano. Tun 2014 aka fara kama masu tuƙa babur ba hula a Kwatano, daga watan Maris na 2024 kuma aka haɗa da wanda aka goya. Na san ana ƙorafin ɗankwali da gwaggwaro, da ƙyamar hular da kowa ya sa. Mata da yawa a can sun sayi tasu suna yawo da ita a jaka, wannan ya fi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai kyau da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida. A kuma tattara mayafi da bakin zane a cusa ƙarƙashin cinya, don tayar baya ba ta da imani in ta kama tufa.

Akwai wasu abubuwa na garin kansa da baƙo ba zai sani ba sai an faɗa masa. Damina biyu suke da ita, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma garin a kwance yake tsakanin teku da tafki, ruwa ba ya samun wurin gudu. In an yi ruwa, mai babur yakan bar gefensa ya shigo tsakiyar titi yana gudun kududdufi da ramin da ya sani yana ƙarƙashinsa, birkinsa kuma ba ya kamawa kamar kullum. A ba shi fili ninki biyu. Aikin shimfiɗa kwalta da gwamnatin Patiris Talon ta fara a 2018 ya gyara layuka da yawa, sai dai layin da a da rairayi ke hana gudu, yanzu babur na fitowa daga cikinsa a guje. Kowace mahaɗa a ɗauka akwai mai fitowa. A gadojin da ke haɗa tsakiyar gari da Akpakpa hanya takan tsuke, babura su matse jikin mota har madubi na taɓa kafaɗa, nan ba wurin sauya layi ba ne. Da dare kuwa akwai baburan da ba su da fitilar baya, akwai kuma wanda za ka hango fitila ɗaya ka ɗauka babur ne, ashe mota ce mai ido ɗaya. Sannan tun wajen 2022 baburan lantarki, irin na kamfanin Spiro, suka shigo Kwatano da Lome. Waɗannan ba su da ƙara. Direban da ya saba da kunne yake jin babur na tafe, yanzu sai ya koma ga ido.

Wanda ya fi kowa cancantar a ba shi hanya shi ne mai dakon kpayo, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Nijeriya ta bayan fage, irin wanda muke gani a kwalabe a bakin titunanmu. Za ka gan shi a hanyar Porto Novo da Seme, babur ɗaure da jarkoki gaba da baya har ba a ganin mai tuƙin sosai. Ba ya iya tsayawa da wuri, ba ya iya kaucewa, in ya faɗi kuma ba faɗuwa ce kawai ba. Gobarar da ta tashi a wani rumbun irin wannan mai a Seme-Krake a watan Satumba na 2023 ta kashe fiye da mutum 30. In ka hango shi, ka ja baya sosai, ko ka wuce shi da faɗi in hanya ta buɗe.

Mu dawo kan takardu, inda baffana ya sha kashi. Ɗan gari in ya yi haɗari yana da dangi, yana da harshe, ya san wanda zai kira. Baƙo takardarsa ce danginsa. Lasin tuƙi, da takardar mallakar mota, da shaidar duba lafiyar mota, da inshora, in kuma motar lambar wata ƙasa gare ta, da takardar shigowa ta duwan, duk su kasance a cikin mota kuma kwanansu bai wuce ba. Nijar da Benin da Togo duk suna bin dokar inshora ɗaya ta ƙungiyar CIMA, wadda aka kafa a 1992. A ƙarƙashinta dole ne kowace mota ta kasance da inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna, kuma tun 2011 ƙa'ida ita ce inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta, alkawarin zan kawo gobe ba ya rufe kowa. Dokar ta kuma bambanta direba da fasinja: direban da ya yi ganganci ana iya rage masa diyya ko a hana shi, amma wadda aka goya a baya ana biyanta raunin jikinta. Ke nan ko da ɗan zemijan ne ya yanko maka, maganar matar da ke bayansa ba ta mutu ba, kuma in ba ka da inshora kai za a kalla. Akwai kuma katin inshorar ƙetare iyaka na CEDEAO, mai launin ƙasa-ƙasa, wanda aka kafa tsarinsa a nan Kwatano a 1982. Tunda Nijar ta fice daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025, mai mota da lambar Nijar ya sa kamfanin inshorarsa ya rubuta masa a fili ƙasashen da takardarsa ta rufe, kafin ya tashi. A rubuta ranar ƙarewar inshora a bangon shago, kusa da lissafin bashi, inda ido ke zuwa kullum.

In kuma ƙaddara ta faɗa, duk da an kiyaye, abu na farko a tsaya. Gudu yana mayar da haɗari laifi, kuma a garin da babura suka fi motoci yawa ba inda mai mota zai gudu ya tsere. A kashe mota, a fito da hannu a buɗe, a nufi wanda ya ji rauni kafin a dubi inda mota ta lotse. Jama'a suna kallon wannan, kuma shi ne yakan sanyaya wuri ko ya hura shi. Wanda ya bugu a kai ko a wuya, ko yake cewa ba ya jin ƙafafunsa, kada a cire masa hula, kada a ɗaga shi a jijjiga, kada a ɗura masa ruwa, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 118, su ke ɗaukar masu rauni. In jini na zuba a danne wurin da tsumma mai tsabta. A ɗauki hoton yadda mota da babur suke kafin a gusar da su, da lambar da ke bayan rigar ɗan zemijan, domin da ita ake gane shi. Kada a tsaya musun wa ke da laifi a bakin titi da harshen da ba a iya ba. In an ga taro ya fara zafi har ana dukan mota, a nufi ofishin ƴan sanda mafi kusa kai tsaye a ba da rahoto; tun 2018 an haɗe ƴan sanda da jandarmomin Benin sun zama rundunar da ake kira Police Républicaine, ke nan duk ofishin da ka samu ya yi. A kira maigidan da aka sauka wurinsa, ko wani dattijo daga cikin shugabannin ƴan Nijar mazauna garin, wanda ya iya Fon ko ya san hukuma. A sanar da kamfanin inshora cikin kwana biyar na aiki.

Sulhu a bakin hanya, a ba da jika biyar ko goma kowa ya kama gabansa, yana yiwuwa in madubi ne ya fashe ko fenti ya kurje. In akwai rauni a jiki ban ba kowa shawarar haka ba. Mutum yakan miƙe da zafin faɗuwa ya ce lafiya lau, bayan kwana biyu ciwo ya tashi, a zo neman ka a shago da dangi, ba takardar likita, ba ta ƴan sanda, inshora kuma ta ce ba ta san zance ba. In ma an yi sulhun, a rubuta, a sa hannu a gaban shaidu.

Da yawa daga cikin manyan ƴan kasuwarmu na can, waɗanda suka fi kowa iya sayen mota, ba su tuƙi a cikin gari sam. Sukan ɗauki direba ɗan ƙasa, su zauna a gefensa wata biyu ko uku suna kallon yadda yake shiga shataletalen Etuwal Ruj da yadda yake fita, sannan su fara gwadawa ranar Lahadi da safe lokacin da titi ya yi sauƙi. Wasu ma har yau motar ta zuwa Juma'a ce da kai iyali unguwa, harkar kasuwa kuwa a bayan zemijan ake yinta. Baffana bayan abin da ya faru haka ya koma. Ita kuwa mai kifin, sai da ta yi wata biyu kafin ta koma kasuwa, ƴarta ce ta riƙe mata tebur. Ranar da zan taso gida na bi na gaishe ta, na tarar an cire filastar, amma kwandon ƴar ce ke ɗora mata a kai, don hannun bai iya ɗaga nauyi ba tukuna.